Tambaya da Amsa: "Dek ɗina cike yake da dodanni amma kullum ni ake lallasawa"

Jama'a barkanmu da wannan makon. Tunda na yi maganar Magic: The Gathering a fitowa ta baya saƙonni suke ta shigowa, wasu ma faɗa suka zo yi wai na hana su barci da daddare, toh Allah ya baku haƙuri ni dai cewa na yi ku gwada ban ce ku kwana a kai ba. Ga wanda bai gani ba, wasan kati ne da wani masanin lissafi ɗan Amurka Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fito da shi a 1993, kowa yana zuwa da nashi katunan da ya haɗa da kanshi, su ake ce wa dek, kowa yana farawa da rai 20, wanda ya fara mayar da na abokin karawarsa sifili shi ya ci. Yanzu akwai shi a waya da sunan MTG Arena kuma saukewa kyauta ne, shi yasa ma muka samu shiga. Mu je ga saƙonni.

TAMBAYA: Salam Yaya, ni ɗalibi ne a Zariya, wata biyu kenan ina buga Arena. Na haɗa dek na ja da kore, katuna 75, duk wani babban dodo da na samu na saka shi harda Shivan Dragon guda biyu, filaye 18 na saka don kar su cinye min guri. Amma wlh kafin in sauke dodo ɗaya an gama dani, na maƙale a matakin Silver na kasa gaba. Ko dai wasan ne yake min maguɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba maguɗi a ciki, kai ka yi wa kanka sakiyar da ba ruwa, kuma kar ka ji haushi don duk wanda ka gani yana wasan nan ta wannan ƙofar ya shigo, nima haka na fara, dek ɗina na farko kamar gidan zoo yake.

Bari mu fara da 75 ɗin nan. Doka ta ce kada dek ya gaza kati 60, kuma kati ɗaya ba ya wuce kwafi 4 in banda filaye na asali. Doka bata hana ka wuce 60 ba, amma duk katin da ka ƙara a sama ruwa ka ƙara wa miya. Kaga in kana da katin da ka fi ji da shi guda 4 cikin 60, damar ka ganshi a katuna 7 na farko kusan kashi 40 cikin 100 ce. Ka kai dek ɗin 75, ta sauko kashi 33. In kuma guda ɗaya tal ka saka cikin 60 to bata ma kai kashi 12 ba. Wannan ba ra'ayi na bane lissafi ne, ka kai wa duk wani ɗan ajinku mai karanta lissafi ya buga maka. Shi yasa in ka duba dek ɗin manyan 'yan wasa zaka ga 4, 4, 4, 4 kamar lambar mota, ba wai basu da wasu katunan bane, so suke wasan yau ya yi kama da na jiya.

Sai filaye, wanda anan ne ainihin ciwon naka yake. Fili kati ne da ke baka mana, kuma mana ɗin nan ba irin ta "ka zo mana" bace, ita ce kuɗin da kake biya kafin ka sauke kowane kati, kuma fili ɗaya kawai aka yarda ka ajiye a kowane zagaye. Shivan Dragon mana 6 yake ci. Ma'ana ko da komai ya tafi maka daidai baka taɓa rasa fili ba, sai zagaye na 6 zai sauko. To kai da filaye 18 cikin 75, bai kai ɗaya bisa huɗu ba, yaushe zaka tara 6? Sai wajen zagaye na goma sha wani abu in Allah ya yi kana raye. Ko a dek mai 60 ne, filaye 18 na nufin kusan sau 3 cikin 10 hannunka na farko zai zo da fili ɗaya ko babu ko ɗaya, in ka kai su 24 abin ya dawo kamar sau 1 da rabi cikin 10. Nasan abin da ke ranka, fili ba ya duka ba ya kisa kawai zaune yake kamar ɗan haya, amma mota duk tsadarta in ba mai ai turawa ake.

Abin da zaka yi da daren nan, ka zazzage dek ɗin gaba ɗaya ka jera katunan bisa farashinsu, masu mana 1 a layi ɗaya, masu 2 a layinsu, har zuwa 6. Arena ma tana zana maka wannan a gefe in kana gyaran dek. Na tabbata naka zai fito kamar bene mai hawa bakwai a gefen dama, gefen hagu kuwa fili fetal. Abin da ake so shi ne ya yi tudu a wajen 2 da 3, sannan ya gangaro, masu 5 da 6 kada su wuce huɗu ko biyar gaba ɗaya. Dalili kuwa, duk zagayen da ka wuce baka kashe manarka ba ta tafi kenan, ba a ajiyarta zuwa gobe, shi kuma abokin karawarka da ya sauke ƙaramin mayaƙi a zagaye na 1 da na 2 da na 3 yana ta yankarka kaɗan-kaɗan kana zaune riƙe da dodo kana jiran lokaci.

Wannan dabarar ma tana da tarihi. A 1996 wani Jay Schneider ya tsara wani jan dek, abokinsa Paul Sligh ya shiga gasar share fage da shi a Atlanta. Katunan ciki in ka gansu ɗaya-ɗaya dariya zaka yi, akwai Ironclaw Orcs wanda ko tare mayaƙi mai ƙarfi 2 ba ya iya yi. Amma an lissafa dek ɗin yadda kowane zagaye sai ya samu abin da zai kashe manarsa duka a kai, sai gashi yana kayar da masu katuna na gani na faɗa. Har yau in aka ga jan dek mai arha mai sauri wasu Sligh suke ce masa, sunan wanda ya buga ya bi shi, wanda ya zauna ya yi lissafin kuwa sai 'yan tarihi ke tunawa da shi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Tunda kana da kore, ka nemo Llanowar Elves guda 4, mana 1 ne kuma shi kanshi yana bada mana, yana sa ka sauke katin 3 tun a zagaye na 2. Ka saka katunan kisa masu arha kamar guda 6 zuwa 8, irin Burst Lightning, don ka riƙa share ƙananan da ke damunka. Filaye 24. Dodon naka ka barshi in kana sonshi ban hana ba, amma sauran manyan dole su sauka. Cire katin da kake so shi ne abu mafi ciwo a wasan nan, ni akwai wani mala'ika Serra Angel da na riƙa cusawa a kowane farin dek na kusan wata shida don kawai hotonsa yana burge ni.

TAMBAYA: Oga barka da aiki, daga Kano. Ni launi uku nake haɗawa, baƙi da shuɗi da ja, saboda kowanne akwai abin da nake so a ciki. Matsalar sai in samu filaye isassu amma ba kalar da nake buƙata ba. Mene ne mafita?

AMSA: Barka kadai ɗan uwa. Mafita ka saki ɗaya, taura biyu ma bata taunuwa balle uku. Launi biyar ne a wasan, fari, shuɗi, baƙi, ja, kore, kuma kowanne da filinsa. In ka raba filaye 24 gida uku kowanne ya samu 8, to katin da ke neman shuɗi biyu a zagaye na 2 irin Counterspell sai dai ka riƙa kallonsa a hannu kamar hoton budurwa. Ka lura da alamomin da ke saman kati a dama, ba jimillar kawai ba. Katin da aka rubuta lamba 1 da alamar shuɗi ɗaya, da wanda aka sa alamar shuɗi biyu, duk mana 2 ne amma ba ɗaya suke ba ko kusa.

Manyan 'yan wasa suna yin launi uku, eh, amma da filaye masu bada launi biyu suke yi, kuma masu kyaun ciki tsada gare su. Masu arhar suna shigowa a kwance ne, sai zagaye na gaba zaka amfana dasu, kaga ka yi asarar zagaye ɗaya. Masu tsadar irin su Steam Vents da Blood Crypt zaka iya biyan rai 2 su shigo a tsaye ka yi aiki dasu nan take. In baka dasu ka tsaya a launi biyu, in ma farmaki kake so launi ɗaya ya ishe ka, jan dek zalla ba ya taɓa samun irin ciwon kan da kake faɗa.

TAMBAYA: Yaya ni ban taɓa saka ko sisi a wasan ba kuma bana niyya, da canjin dala ɗin nan ina zan iya. Na tara wayilkat 9 na rare, me zan saya dasu? Kuma da gaske mutum zai iya kaiwa Mythic ba tare da ya biya ba? Ƙanwarka daga Kaduna.

AMSA: Ƙanwata kin burge ni da kika tara baki taɓa ba, yawancin mutane ranar da suka samu ranar suke ƙonawa. Ga wanda bai sani ba, wayilkat kamar Whot 20 ne a wasan Whot, kati ne da zaka ce ya zama duk abin da kake so, sai dai anan in ka canza shi ya canzu kenan ba dawowa.

Kar ki taɓa su sai kin zaɓi dek guda ɗaya tak kin rubuta katunansa 60 a takarda, kin ƙirga rare, wato katunan da ke wahalar samu, nawa ke ciki, nawa kike dasu, nawa suka rage. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya sayi biyu don wannan dek, uku don wancan, ƙarshe yana da rabin dek huɗu babu ɗaya cikakke. Kuma zan faɗa miki abin da ba zai miki daɗi ba, in launi biyu kika zaɓa to filaye zaki fara saya. Nasan ba armashi, kamar a baka kuɗin sallah ka sayi siminti ne, amma filin zai yi miki aiki a duk dek ɗin da kika haɗa da waɗannan launukan, shi kuwa mayaƙin da ake yayi yau wata uku masu zuwa ana iya daina yayinsa, ko ma kamfanin ya haramta shi in ya yi ƙarfi da yawa, suna yin haka.

Ki kuma duba shekarun kati. A Standard, tsarin wasan da ake bugawa da sababbin katuna, kati yana yin kamar shekara 3 ne sai ya fita, don haka kar ki zuba wayilkat a kan wanda ya kusa ritaya. Saitin Foundations da ya fito a Nuwamba 2024 sun ce zai zauna a Standard har aƙalla 2029, nan ne guri mafi kwanciyar hankali ga mai lallaɓa aljihu. Ayyukan kullum da wasan ke bayarwa suna kawo zinare (kuɗin cikin wasan) 500 ko 750, fakitin katuna ɗaya 1000 ne, kuma duk fakiti 6 da kika buɗe akwai wayilkat babba da ke faɗowa, a hankali ake tarawa.

Batun Mythic kuwa, wato matakin ƙoli a Arena, ana kaiwa, mutane suna kaiwa da dek mai launi ɗaya mara tsada, abin da yake ci shi ne lokaci da data da caji. Kuma dek mai sauri yana da wani amfani a wajenmu da Bature bai sani ba, wasa yana ƙarewa cikin minti biyar kafin netwok ya tuna da kai. Ni akwai daren da nake zaune a teburin mai shayi, na ja wasa da shuɗin dek har kusan minti ashirin, na tare komai na share komai saura in sauke katin da zai gama aiki, sai waya ta fara juya wannan ɗan da'irar, ina kallo igiyar lokaci tana ci tana ci har ta ƙone, zagaye biyu suka wuce ban taɓa komai ba. Indomie na ma ta huce. Tun ranar in ba a gida nake kusa da taga ba jan dek nake ɗauka.

TAMBAYA: Malam don Allah wannan ba caca bace kuwa? Babana ya ganni da shi ya ce karta ce.

AMSA: Baba yana da dalilinsa na tambaya, kuma abin mamaki asalin wasan a 1993 akwai wata doka da kowa zai ajiye kati ɗaya daga dek ɗinsa wanda ya ci ya kwashe. Kamfanin ya watsar da ita tun shekarun farko, katunan da suka dogara da ita an hana su a gasa, kuma yanzu in aka kama ka da yin fare a kan wasa a gasar hukuma korarka za a yi. A Arena ba wanda ke cin katin wani. Inda nake ganin ya kamata ka kula shi ne sayen fakiti da kuɗi, don baka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, kuma yana iya zama jaraba. Hukunci kuwa na malamai ne, ka kai musu bayanin yadda yake ɗin nan su faɗa maka. Sannan ka nuna wa Baba wayar ya gani da idonsa, kuma kar kiran sallah ya same ka kana cewa bari in gama wannan, don wannan kaɗai ya isa ya ja maka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ina karatu a Manchester, akwai shagon da ake buga Friday Night Magic kusa damu na fara zuwa da katunan gaske. Wasan farko ina ci, amma na biyu da na uku sai su canza wasu katuna su dawo su cinye ni. Me ake sakawa a waɗannan 15 ɗin na gefe? Ni kawai ragowar katuna na nake zubawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ka gaida sanyi. Abin da suke maka shi ne abin da ya kamata kai ma ka riƙa yi musu. A gasa wanda ya fara cin biyu cikin uku shi ya yi nasara, kuma bayan wasan farko kowa yana da damar musanya katuna daga 15 ɗin nan da ake ajiyewa a gefen dek, ni 'yan benci nake ce musu. To koci mai hankali ba ya cika benci da 'yan gaba zalla don kawai sune suka rage, yana ajiye mai tsaron baya saboda ranar da ake ci ɗaya ana son a riƙe.

Tunda shago ɗaya kake zuwa kana da sa'a, mutanen nan kusan su ɗin ne dai kowane mako kuma yawanci da dek ɗin da suka saba. Ka riƙe ɗan littafi, bayan kowane wasa ka rubuta me ya kashe ka. Bayan sati uku zaka ga abin ya kasu, akwai masu gaggawa da ke cika tebur da ƙananan mayaƙa, akwai masu jan lokaci da basa sauke komai sai hana ka da share maka tebur da irin Day of Judgment, akwai na tsakiya. Wa masu gaggawa ka tanadi kisa mai arha da abin ƙara rai. Wa masu jan lokaci, in kana da baƙi Duress mana 1 ne kawai, zaka leƙa hannun mutum ka zare masa katin da ba mayaƙi ba kuma ba fili ba, kaga ka cire maganin tun kafin ya sha, in shuɗi ne Negate, mai soke katin da ba mayaƙi ba lokacin da aka jefa shi. Sannan ga inda mutane ke faɗuwa, sun san abin da zasu saka basu san abin da zasu cire ba. Tun a ɗaki zaka yanke, in na haɗu da wane waɗannan huɗun ne zasu fita waɗannan su shiga. Misali katin kashe mayaƙi ba shi da aiki a gaban mutumin da mayaƙansa basu fi uku ba a dek gaba ɗaya, shi zai fara sauka. Kuma kar ka canza goma a lokaci ɗaya har dek ɗin ya manta aikinsa.

Wani abu da zai taimake ka fiye da bencin ma, kafin kowane wasa ka tambayi kanka, tsakanin ni da wannan mutumin wa ya kamata ya yi sauri? In wasa ya yi tsawo wa zai ci? In shi ne, to kai ne mai kai hari ko da dek ɗinka ba na hari bane, ka daina ɓoye mayaƙa kana tsaro. In kai ne, ka daina tseren duka dashi, ka tare ka yi musaya ka bar lokaci ya yi maka aiki. Wannan yana canzawa daga mutum zuwa mutum, har daga wanda ya fara wasa zuwa wanda ya bi, tunda mai farawa ba ya jan kati a zagayensa na farko amma yana gaba da fili ɗaya.

Sai muligan, wato mayar da hannun farko ka ja sabo, tunda yanzu a tebur kake bugawa dole in ja maka kunne. A Arena in wasa ɗaya ake bugawa, kwamfutar tana duba hannu fiye da ɗaya a ɓoye ta fi karkata ga wanda filayensa suka yi daidai, shi yasa wasu ke rage filaye can su tsira. A tebur ba mai yi maka wannan gatan. Hannu mai fili ɗaya ka mayar ko da duk taurarin dek ɗinka ne a ciki, mai fili shida ko bakwai ma haka. Tsarin da ake bi tun 2019 zaka sake jan 7 ne sannan a karon farko ka zaɓi ɗaya ka tura ƙasan dek, kaga kai ke zaɓen wanda zai tafi, ba asara ce mai yawa ba. Ka sayi rigar kati mai duhun baya ka saka musu duka iri ɗaya, don in wasu sun lanƙwashe ana gane su ta baya alƙali zai iya cewa ka yi musu alama. Kuma in zaka ƙara kati kar ka sayi fakiti kana fatan sa'a, ka tambayi mai shagon guda-guda na wanda kake nema, in aljihu ya yi ƙasa ka tambaye su ko suna buga Pauper, can katunan gama-gari kawai aka yarda dasu kuma harda Lightning Bolt a ciki.

Wanda ya turo tambaya a kan Commander daga Maraɗi, na gani, wancan wani tsarin wasan ne na daban, katuna 100 ne kowanne guda ɗaya in banda filaye na asali kuma rai 40, lissafinsa daban ne gaba ɗaya ba zai shiga nan ba, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu. Ka turo min sunan kwamandan da kake son ginawa a kai kafin nan.